Ziyara Zuwa Navrongo: Yadda Ake Koyar da Addu'a da Almajiranci a Makarantar Fada

Duk wanda ya kama hanyar Arewa daga Tamale, ya wuce Savelugu da Walewale, ya haye gadar Pwalugu a kan kogin Volta, zai iso Bolgatanga bayan tafiyar kilomita wajen 160. Daga nan saura kamar kilomita 30 ya shiga Navrongo, garin Kasena da Nankana, wanda yake dab da Paga, bakin iyakar ƙasarmu da Barkina Faso. Matafiya da yawa sukan ratsa garin ba su tsaya ba, domin hankalinsu yana kan kadojin Paga ko cinikin bakin iyaka. Amma ga mabiya ɗariƙar Katolika na Arewacin Gana, Navrongo ce tushe. A nan aka kafa mishan ɗinsu na farko a wannan yanki, a nan kuma aka buɗe makarantarsu ta farko.

Abin da ya kai mu can tambaya ce da ta daɗe tana yawo a zangunanmu. Daga Nima zuwa Aboabo, daga Techiman zuwa Bawku, 'ya'yanmu da yawa suna karatun boko a makarantun da muke kira na Fada. Iyaye sun yarda da horon da ake yi a cikinsu, sun kuma ga sakamakon jarrabawa. Amma idan aka zauna hira bayan sallar isha'i, ba a rasa wanda zai ce, shin wai me ake koya wa yaran nan idan lokacin darasin addini ya yi? Wasu su ce kaza, wasu su ce kaza, akasari kuwa ji ne aka ji. Tun da gani ya kori ji, sai muka nemi izni muka zauna a cikin aji.

GARIN DA COCINSA NA LAKA

A watan Oktoba muka je, ƙarshen damina. Dawa ta fid da kai, an fara shanya gyaɗa a kan soraye, zabi suna ta kai da kawowa a gindin kuka da ɗorawa da kaɗanya. Gidajen mutanen karkara a warwatse suke, kowane gida a tsakiyar gonarsa, ɗakuna zagayayyu na laka a haɗe da juna da katanga. Kasuwar garin takan ci bayan kowane kwana uku. Ranar da ta ci kuwa Hausa ba ta yi wa baƙo wuya, don ga mahauta, ga 'yan koli, ga masu koko da ƙosai. Hatta tuwon da mutanen ƙasar ke ci da miyar ayoyo, da sunan Hausa aka san shi a duk faɗin Gana, wato tuwon zafi.

Tarihin mishan ɗin ya faro ne a 1906. A cikin watan Afrilu na wannan shekara waɗansu 'yan mishan uku suka iso daga Wagadugu: Fada Oscar Morin, mutumin Kanada, da Fada Jean-Marie Chollet, da Burada Eugene Gall. 'Yan ƙungiyar nan ce da Kadinal Lavigerie ya kafa a Aljeriya a 1868, wadda aka fi sani da Fararen Fada saboda farar jallabiya da alkyabba irin ta Larabawan Magariba da suke sawa, da carbi rataye a wuya. Dalilin zuwansu shi ne, a lokacin gwamnatin Faransa ta sa wa coci ƙahon zuƙa, har ta yi dokar raba addini da mulki a 1905. Suka ji tsoron kada a kore su daga ƙasashen da Faransa ke mulki, saboda haka suka nemi wurin fakewa a ɓangaren Ingilishi. A 1907 suka buɗe makaranta. Daga baya aka sami kwalejin horon malamai ta St. John Bosco a 1946, da sakandaren Notre Dame a 1960.

Abin da baƙo zai fara nema shi ne tsohon cocin, wanda aka sa wa sunan Maryamu Mai Baƙin Ciki Bakwai. An gina shi a 1920 da tubalin laka, tsawonsa ya kai kimanin mita 60, an rufa shi da kwano. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin aikin magina na gargajiya zai ji kamar a gida yake, domin daɓe ne a ƙasa, kuma da ruwan ɓawon ɗorawa aka ƙarfafa shi, abin da mu muke kira makuba. Tun daga shekarun 1970 matan yankin suka ƙawata bango da ginshiƙai da irin zanen da suke yi a gidajensu, ja da baƙi da fari, ga siffofin dabbobi da kayan aikin gida, ga kuma mala'iku da labaran Linjila a gefensu. A 2006, da mishan ɗin ya cika shekara 100, fadar Paparoma ta ɗaga darajar cocin zuwa abin da suke kira ƙaramar basilika. Da rana tsaka, ana zafi a waje, cikinsa sanyi ƙalau kamar randa.

DARASIN SAFE: NA KOWA DA KOWA

Makarantar da ta karɓe mu ƙaramar sakandare ce ta jeka-ka-dawo, ba ta da nisa da garin. Hedimasta ya haɗa mu da malamin addini, wani magidanci mai fara'a, wanda tun kafin mu zauna ya ja hankalinmu ga abu guda. Ya ce darasin addini a makarantarsu iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta ruɗewa. Akwai na safe, wanda gwamnati ta tsara, akwai kuma na yamma, wanda coci ta tsara.

Na safen shi ne darasin Addini da Tarbiyya, wanda yara ke kira RME. Duk makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙasar nan suna yin sa, ana kuma rubuta shi a jarrabawar BECE. Ya ƙunshi addinai uku: Kiristanci, da Musulunci, da addinin gargajiya. Masu dogon tunani za su tuna cewa an taɓa cire shi daga manhaja a gyaran ilmi na 2007, sai shugabannin addinai suka yi ca, aka mayar da shi a 2008.

Ranar da muka zauna, batun addu'a ake yi. Malam ya raba allo gida uku. Ya tambayi wata yarinya 'yar zango ta lissafa salloli biyar da lokutansu, ta kuma bayyana yadda ake alwala, shi kuwa yana rubutawa. Da ya yi tuntuɓe wajen rubuta sunan la'asar, ita ta gyara masa, aji ya yi dariya, shi ma ya yi. Sa'an nan wani yaro ya bayyana yadda kakansa ke zuba ruwan gari a ƙasa yana kiran sunayen magabata kafin a fara shuka. Daga ƙarshe wani ya faɗi yadda Kirista ke taruwa ranar Lahadi. Ba a sa kowa ya rufe ido ba, ba a ce kowa ya ce amin ba. An rubuta, an kwafa, an ba da aikin gida.

Malamin ya ce da safe tambayarsa ita ce, yaya mutane suke yi? Da yamma kuwa tambayar takan koma, mu yaya za mu yi? Wannan rarrabewa ba shi ya ƙago ta ba. Littafin jagora da fadar Paparoma ta fitar a 1997 game da koyar da addini, da wanda ya gaje shi a 2020, duk sun bambanta darasin addini na makaranta da horon bangaskiya, suka ce abu biyu ne masu taimakon juna amma ba ɗaya suke ba.

DARASIN YAMMA: ALMAJIRANCI

Bayan an tashi, yaran zango da sauran waɗanda ba Katolika ba suka ɗauki jakunkunansu suka nufi gida. Saura, su wajen talatin, suka jawo bencina zuwa gindin darbejiya. A nan malamin ya sami abokin aiki, wani dattijo da kowa ke kira Baba Katakis, wato mai koyar da katikizim. Ya yi zaman Kumasi da ƙuruciyarsa, Hausa a bakinsa kamar ɗan zango, kuma da Malam yake kiranmu. Aikin katakis tsohon aiki ne a mishan ɗin Afirka, don shi ne ke riƙe da ƙauye idan Fada ba ya nan. A 2021 marigayi Paparoma Francis ya mayar da shi muƙami tabbatacce a cikin coci.

Da muka tambaye shi me yake koyarwa, sai ya amsa da kalmar da ta sa muka gyara zama. Ya ce almajiranci. Ashe a Littafi Mai Tsarki na Hausa, mabiyan nan goma sha biyu na Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, da sunan almajirai aka fassara su. Dattijon ya ce mu ai mun fi kowa sanin kalmar. Almajiri shi ne wanda ya bar gida ya bi malami, ya zauna inda ya zauna, ya ci abin da ya ci, ya ɗauki halinsa kafin ya ɗauki karatunsa. Ya ce haka Linjila ta nuna: Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yahaya masunta ne a tekun Galili, aka kira su suka bar taru, Matiyu mai karɓar haraji ne, ya bar teburinsa. To, aikinsa shi ne ya sa yaro ɗan shekara goma sha uku ya gane abin da shi zai bari, da wanda zai bi.

A nan ya kamata mai karatu ya sani cewa ba a ɓoye aƙida a wannan zama. Ana koya wa yaran cewa Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi daga matattu, kuma Allah ɗaya ne cikin uku. Waɗannan su ne wuraren da Musulmi da Kirista suka rabu, kuma Baba Katakis bai yi ƙoƙarin shafe rabuwar don ya faranta mana rai ba. Ya ce wanda ya ce duk ɗaya ne, ko dai bai san nasa ba, ko bai san na maƙwabcinsa ba.

Littafin da suke bi ya samo asali daga babban Katikizim na Cocin Katolika wanda aka fitar a 1992. Kashi huɗu ne: abin da aka gaskata, da sakramenti bakwai, da zaman rayuwa bisa dokoki goma, sa'an nan addu'a. Fararen Fada na farko sukan sa mai son shiga addinin ya yi shekara huɗu yana koyo kafin a yi masa baftisma. Yanzu ba a kai haka, amma har gobe ba a gaggawa. Yaran da muka gani suna shirin karɓar sakramentin ƙarfafawa ne, wanda Bishop ke bayarwa, kuma sun fi shekara suna zuwa gindin bishiyar nan.

YADDA AKE KOYON ADDU'A

Ɓangaren addu'a shi ya fi ɗaukar lokaci, shi ne kuma ya fi ba mu sha'awa. Da hadda ake farawa. Yaro zai koyi yin alamar gicciye da hannun dama, daga goshi zuwa ƙirji zuwa kafaɗu. Zai haddace Addu'ar Ubangiji, da gaisuwar Maryamu, da bayanin bangaskiya, da addu'ar tuba, da Turanci da kuma Kasem. Ana rera su tare, babba ya ja, yara su amsa, har muka tuna da ƙarar makarantar allo da hantsi.

Amma dattijon ya ce hadda ƙofa ce kawai, don aku ma yana iya ta. Saboda haka sai ya ɗauki Addu'ar Ubangiji ya warware ta. Ya tuna musu cewa a Linjilar Luka, sura ta 11, almajiran ne da kansu suka roƙi a koya musu addu'a, wato ke nan ba abin kunya ba ne mutum ya ce bai iya ba. Ya nuna musu cewa roƙo bakwai ne a cikinta, uku na farko sun shafi girman Allah da nufinsa, huɗu na baya sun shafi bukatun ɗan Adam. Da aka zo kan roƙon gafara, wanda aka ɗaure shi da sharaɗin mai roƙo ya yafe wa wasu, sai ya tsaya. Ya ce kowa ya tuna mutum ɗaya da yake riƙe da shi a zuci, kada ya faɗi suna. Wuri ya yi tsit. Muka lura da yara biyu a benci ɗaya, kowa ya kau da kai daga ɗan'uwansa.

Malamin makarantar shi ya karɓi batun ire-iren addu'a. Katikizim ya kasa su biyar: sujada, da roƙo, da roƙo domin wasu, da godiya, da yabo. Don yara su riƙe, sai ya kawo misalin mai zuwa fadar sarki. Ya ce ba wanda zai faɗa wa sarki da bukata tun daga ƙofa. Sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi kirari, ya gode da alherin bara, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi, in kuma mutumin kirki ne ya sa baki domin maƙwabcinsa da bai sami zuwa ba. Ya tambaye su, cikin biyar ɗin nan wanne suka fi yi? Duk suka ce roƙo, musamman idan jarrabawa ta matso. Aikin gidan da ya ba su shi ne su yi kwana uku suna addu'a ba tare da sun roƙi kome ba, godiya kaɗai.

Da yake Oktoba watan Rosari ne a wurin Katolika, mun ga yadda ake jan carbinsu. Ƙwaya 59 gare shi da gicciye a ƙarshe, an kasa shi gida biyar, kowane gida ƙwaya goma. A kowane gida ana maimaita gaisuwar Maryamu sau goma, a lokaci guda kuma ana tuna wani abu daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa. Waɗannan abubuwan tunawa da 15 ne, sai Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara biyar a 2002 suka zama 20. Yaran da ba su da carbi da yatsu suke ƙirgawa. Wata yarinya ta tashi ta yi tambayar da ta ce ƙawarta 'yar wani coci ce ta yi mata, wai shin bauta wa Maryamu suke yi? Aka amsa mata cewa a koyarwar Katolika bauta ta Allah ce kaɗai, Maryamu girmama ta ake yi, ana roƙonta ta yi addu'a domin mutane.

Abin da ya fi wuya ga yaran shi ne shiru. Akwai wata tsohuwar hanya ta karatu da wani ɗan zuhudu mai suna Guigo ya tsara a ƙarni na 12, mai mataki huɗu: a karanta, a yi tunani, a yi addu'a, a natsu. Malam ya karanta musu labarin Basamariyen nan da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yasar a hanya. Ya karanta sau biyu a hankali, ya ce kowa ya kama kalma ɗaya da ta taɓa shi, sa'an nan a yi shiru na minti uku. Minti na farko ana ta soshe-soshe da tari, wani akuya ma ya ratso ta tsakiyar bencina. A na uku kuwa ba ka jin kome sai iska a ganyen darbejiya. Ya gaya mana cewa a farkon shekara rabin minti ma gagara yake yi. Har ila yau yakan koya musu binciken zuci kafin barci, irin wanda Ignatius na Loyola ya koyar, wato mutum ya bi yininsa daki-daki, ya ga inda ya sami alheri ya gode, ya ga inda ya kauce ya nemi gafara.

Sai kuma aiki, domin a cewar Baba Katakis almajirin da ba ya ɗebo wa malaminsa ruwa baƙo ne. Akwai ayyukan jinƙai bakwai na jiki da ake koya musu, irin su ciyar da mayunwaci, da shayar da mai ƙishi, da gaida marar lafiya, da binne mamaci. Kowane mako ana raba su rukuni-rukuni. Wasu su ɗebo wa wata tsohuwa ruwa a famfon burtsatse, wasu su share harabar coci, wasu su bi katakis gaida marasa lafiya. Gwarzon da aka fi ba su labarinsa shi ne Kizito, yaro ɗan kimanin shekara 14, mafi ƙanƙanta cikin shahidan Katolika 22 na Yuganda, wanda aka ƙone a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886. Su ma Fararen Fada ne suka koyar da su, kuma a 1964 aka sa su cikin waliyyan coci.

ABIN DA KE DAMUN MALAMAN

Kada mai karatu ya zaci kome yana tafiya sumul. Malaman biyu sun yi mana kukan da duk malamin makarantar allo zai gane. Lokacin girbi yara sukan ragu, don ana bukatarsu a gona. Wasu da zarar Bishop ya ɗora musu hannu an yi biki, shi ke nan an gama, kamar yaron da ya yi sauka ya rataye allo. Wasu sukan tafi Kudu neman kuɗi, wasu wajen haƙar zinariya, wasu kuma su koma sababbin coci-coci masu kiɗa da alkawarin arziki. Ga kuma wayar hannu, wadda ta sa shirun minti uku ya zama jan aiki.

Alƙaluman ƙidaya sun nuna damuwar ba ta banza ba ce. A ƙidayar 2000 Katolika sun kai kashi 15.1 cikin ɗari na mutanen Gana. A 2010 suka koma 13.1, a 2021 kuma suka sauko zuwa kashi 10, alhali Kirista gaba ɗaya sun haura kashi 71, Musulmi kuma suna dab da kashi 20. Wannan ya sa muka fahimci cewa hankalin waɗannan malamai ya fi karkata ga riƙe nasu 'ya'yan da ke zamewa.

INA MATSAYIN 'YA'YANMU?

To, sai mu dawo kan tambayar zango. Tsakanin darasin safe da na yamma iyaka a fili take. Inda take dusashewa shi ne sauran harkokin yini. A taron safe, kafin a shiga aji, ana yin addu'ar Kirista da waƙar coci, kowa yana tsaye a layi. Da ƙarfe goma sha biyu ana kaɗa ƙararrawa don addu'ar Anjelus, wadda ke tuna saƙon Mala'ika Jibrilu ga Maryamu, makaranta duka ta tsaya cik. A makarantar da muka ziyarta, yaran Musulmi sukan tsaya shiru ne kawai, ranar Juma'a kuma ana sallamarsu su tafi masallaci. Amma yaron da ya shekara tara yana jin addu'a kullum, babu shakka zai haddace ta ko bai yi niyya ba. Wani uba ba zai damu da wannan ba, wani kuwa zai damu, kuma kowannensu yana da haƙƙin ya sani tun da wuri.

A makarantun kwana ne aka fi samun saɓani, domin can yaro yana hannun makaranta dare da rana. Ba a manta da abin da ya faru a 2021 ba, lokacin da wata makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast, wadda ba ta Katolika ba ce, ta hana wata ɗaliba azumin Ramadan, har Hukumar Ilmi ta Gana ta ba da umurnin a bar ɗalibai su yi azumi. A 2024 masu makarantun mishan, da taimakon Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, suka amince da wata yarjejeniya a kan batun azumi da sutura da wurin ibada. Tsarin mulkin 1992, sashe na 21, ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Ita kanta Cocin Katolika, a babban taronta na Vatikan na Biyu, ta fitar da takardu biyu a 1965: ɗaya ta ce tana duban Musulmi da idon girmamawa, ɗaya kuma ta ce ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Uban da ya san waɗannan zai shiga ofishin hedimasta da hujja a hannu, ba da faɗa ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce, kafin a sa hannu a takardar shiga, a je da kai a yi tambaya huɗu. Shin dole ne kowane ɗalibi ya halarci Mas? Akwai inda yaro zai yi salla, kuma ana sallama ranar Juma'a? Yaya ake yi da masu azumi? Me aka ce game da ɗankwali ko hijabi? In amsa ta gamsar, madalla. In ba ta gamsar ba, akwai makarantun gwamnati, akwai kuma na Sashen Ilmin Musulunci da aka kafa a ƙarƙashin Hukumar Ilmi tun 1987. Kowace aka zaɓa, kada a yar da karatun yamma da na Asabar da Lahadi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanen da muka gani a gindin darbejiya ba su bar tarbiyyar 'ya'yansu a hannun manhajar gwamnati ba. Sun ware lokaci, sun sa dattijo, sun bi yaro har su ga ya iya natsuwa, ya iya godiya, ya iya ɗebo wa tsohuwa ruwa. Wannan aiki ba wanda zai yi wa wani.

Game da zaman tare kuwa, manyanmu sun riga sun nuna hanya. A watan Afrilu na 2019, cikin bukukuwan cikarsa shekara 100, Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Ankara ranar Ista. Ya shiga da rawaninsa, ya fita da rawaninsa, bai rage kome daga addininsa ba, bai kuma nemi masu masaukinsa su rage nasu ba.

Wanda ke son zuwa Navrongo, motoci suna tashi daga tashar Bolgatanga tun safe har yamma, tafiyar ba ta kai awa guda ba. A nemi izni a ofishin mishan kafin a shiga tsohon cocin ko a ɗauki hoto, a kuma kauce wa lokacin ibada in kallon gini aka je yi. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin da ya fi daɗin tafiya, kafin zafin Maris ya sauko. In an sami sarari a leƙa madatsar ruwa ta Tono, inda ake noman shinkafa da tumatir, a kuma gaida jama'armu na zango, waɗanda suka karɓe mu hannu bibbiyu.